Tsohon GPS ɗina zai yi mini farautar taska a tafiyar jirgin ruwa?

Tsohon Safiyo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi wa tsoho haƙuri.

Shekara 32 na yi ina awon filaye da gonaki, tun zamanin sarƙa da tiyodolait har GPS ya zo ya same mu. Da na yi ritaya na koma gida da Garmin eTrex 20 ɗina. Da kuɗina na saye shi a 2013, ba na gwamnati ba ne, kada wani ya fara. Yana cikin durowa yana hutawa kamar mai shi, sai bara da na je Ingila duba 'yata. Wata Asabar jikata, amaryata 'yar shekara tara, ta ja hannuna zuwa wani lambu a Leicester wai za mu nemo taska. Ta riƙe wayar uwarta muna bin kibiya har gindin wata bishiya, ta zura hannu a kogo ta zaro 'yar roba irin ta ajiye abinci. A ciki akwai ɗan littafi cike da sa hannun mutane da kwanan wata, da tarkacen yara. Wai sunan abin geocaching. Wani ya ɓoye, ya sa kodinet, wato lambobin da ke nuna daidai wurin, a intanet, kai kuma ka nemo, ka sa hannu, ka mayar yadda ka tarar. Na ce yo ai wannan shi ne aikin da aka yi ta biyana albashi a kansa, neman bikon, wato alamar iyakar fili, da ciyawa ta cinye. Kafin in dawo mun samo 17. Biyar ni na fara hangowa, ko da yake amarya ta ce uku ne.

To yanzu 'yata da mijinta sun biya mana jirgin ruwan yawon shaƙatawa na kwana bakwai a watan Mayu, ni da Hajiya da su da yarinyar. Daga Basalona za mu tashi, mu tsaya Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo, Valletta, sannan a yi wuni guda a kan teku a koma Basalona. Biza ta fito, alhamdu lillahi. Amarya ta ƙirga ƙasa huɗu, Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta, kuma ta yanke hukunci sai mun samo taska a kowacce.

Ni ba na son dogaro da waya. Tawa kafin azahar ta fara kukan caji, kuma na ji labarin abin da romin, wato cajin amfani da layi a ƙasar waje, ke yi wa mutane. GPS ɗin kuwa batir AA biyu suna kai shi wuni biyu ana aiki. Amma ban taɓa fita da shi daga Najeriya ba. Ta yaya zan zuba masa taskokin garuruwa shida alhali babu intanet a hannu? Taswirar da ke cikinsa manyan tituna kawai take nunawa. Su ma'aikatan jirgi suna barin a shiga da shi, ko za a ƙwace a ƙofa? Awa nawa mutum ke samu a gari?

Sai ta ƙarshe, wadda ta fi damun Hajiya. Baƙin mutum, farin gemu, hula, na'ura a hannu, yana lalube jikin bango kusa da tashar jiragen ruwa a Turai. Ta ce in aka kama ni ita ba ta san ni ba.

Ɗan Kantin Kwari ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma. A biya maka jirgi mai hawa goma sha wani abu, abinci dare da rana ba ko sisi, ka bar shi ka sauka laluben gindin bishiya? In da kuɗi ake sawa a robar da na ce a yi mini wuri a jaka. Ni dai shawarata ka bi ta Hajiya. In ma dole ne, waya ta isa, wannan na'urar taku ta kwana biyu.

Uwar Tagwaye, Hamburg ta rubuta:

Wa alaikumus salam Baba. Ka rabu da Ɗan Kwari, bai ɗanɗana ba ne. Nan Jamus bayan Amurka babu ƙasar da ta kai mu yawan taskoki, ni da yarana shekara shida muna yi, kuma mun taɓa bin kusan wannan hanyar taku a jirgi. Na'urarka ta isa har ta yi yawa. Amma duk aikin a gida ake gama shi, kafin a ɗaure akwati. In ka bari sai ka hau jirgi, intanet ɗinsu ga tsada ga nawa.

Ka sa 'yarka ta biya rajistar shekara a Geocaching.com in ba ta da ita, domin masu asusun kyauta ba sa samun abin da ake kira Pocket Query. Da shi za ka ce a tattaro maka taskokin da ke kewaye da wuri kaza, har 1000 a fayil guda. Kada yawan ya ruɗe ka. Ka yi ɗaya ga kowane gari, ka sa tsakiyarsa inda za ku fara tafiya da ƙafa, faɗin kilomita biyu ko uku. Ka zaɓi na gargajiya zalla, wato wadda kodinet ɗinta nan take, ba masu wasa ƙwaƙwalwa ko masu zango-zango ba, waɗannan suna cin wuni. Wahala da yanayin ƙasa ana auna su daga 1 zuwa 5, kada ka wuce 2. Fayil ɗin GPX da za su ba ka, ka haɗa na'urar da kwamfuta ka jefa shi cikin foldar Garmin, a cikinta akwai wata mai suna GPX. Sannan ka cire kebul ɗin, ka kunna, ka duba da idonka sun shiga. Kwana biyu ko uku kafin tafiya za ka yi wannan, ba wata guda ba, don taskar cikin birni yau tana nan gobe mai shara ya tafi da ita. Kowacce za ta zo da rahoton mutanen da suka je na baya-bayan nan. In ka ga biyu ko uku a jere sun ce ba su samu ba, ka tsallake, ba ka da lokacin gwada sa'a.

Taswira kuma kyauta ce. Akwai ta OpenStreetMap da aka gyara don Garmin, har lunguna da matakala tana nunawa. Ka sayi ƙaramin katin microSD, ramin sa yana ƙarƙashin batura.

Abin da ya ba ni wahala ban shirya masa ba shi ne harshe. Bayanin taska da 'yar alamar taimakon da mai ita ya bari, a Basalona wasu da Katalanci suke, a Marseille Faransanci, a Genoa Italiyanci. Kana tsaye a rana na'ura ta nuna maka kalma ɗaya da ba ka san ma'anarta ba, alhali ita ce mabuɗin. Ka zaɓi biyar-biyar a kowane gari, ka fassara a gida, ka rubuta a ɗan littafi. Hotunan da masu taska ke sawa ma ba sa biyo fayil ɗin, sai ka ɗauke su a waya. Kuma Baba, waya ba ta buƙatar data kafin ta san inda take, tauraron ɗan'adam take saurara kamar na'urarka. Ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka ba amarya ta riƙe, kai ka riƙe naka.

Kada ka sa rai da robar abinci irin ta Leicester. Na cikin biranen nan yawancinsu ba su wuce kan ɗan yatsa ba, baƙi ne mai maganaɗisu a manne bayan allon titi ko ƙarƙashin benci, takardar ciki a nannaɗe kamar laya. Ka tafi da biro da ɗan hantsaki. A tsoffin lungunan Genoa kuwa, inda gini ke kusan haɗe kai da gini, sigina na dukan bango kafin ya iso ka, kibiya ta yi ta rawa, ta ce mita 5 yanzu, an jima ta ce 30. Ka nemi na fili: bakin tsohuwar tashar Genoa, tudun Montjuïc a Basalona, lambun Upper Barrakka a Valletta.

Maganar Hajiya gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Ni da hijabi nake yi, kuma sau ɗaya 'yan sanda suka tsayar da ni a wani lambu nan garin, wata tsohuwa ce ta kira su. Na nuna musu shafin a waya da robar a hannuna, ɗayansu ya yi dariya ya ce ƙanensa ma yana yi. Amma tun daga ranar ba na taɓa wadda ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ofishin 'yan sanda, wurin ibada ko shingen tashar ruwa, musamman a Faransa inda sojoji ke sintiri da bindiga a wuraren taruwar jama'a tun 2015. Babban maganin shi ne yarinyar. Tsoho shi kaɗai yana leƙen ƙarƙashin benci abin tambaya ne, tsoho da jika kuwa kowa ya san wasa suke. Ita ta sa hannu ta ɗauko, kai ka tsaya kana ba da umarni. Akwai kuma irin da babu roba sam, ka je wurin ka amsa tambaya ko ka ɗauki hoto, irin su EarthCache. Inda jama'a suka yi yawa su nake yi.

Awo Sau Biyu ya rubuta:

Abokina, ashe bayan ritaya bikon bai sake ka ba. Hajiyar Hamburg ta gama magana, abu ɗaya ta bari wanda sai ɗan sana'a zai tuna. Na rantse in ka kunna eTrex ɗin nan yanzu a kan datum na Minna yake, da UTM, wato tsarin lissafin kodinet na awon Najeriya, yadda muka saba don ya dace da takardun ofis. Masu wasan nan duk duniya WGS 84 suke amfani da shi, digiri da minti da ɗigo uku. Abin da ya shiga ta fayil ba matsala, na'ura ta san abinta. Amma ranar da ka buga kodinet da hannu daga ɗan littafinka alhali tana kan Minna, a wancan yankin za ta kauce da kai fiye da mita 100. A birni wannan wata unguwa ce daban. Ka shiga saiti ka canza tun yau.

Ka tuna kafin Mayun 2000, lokacin da sojan Amurka ke dagula siginar da gangan, mu tsaya a kan bikon na'ura ta ce muna gonar maƙwabci? Da aka kashe abin nan ranar 2 ga wata, washegari wani mutum a jihar Oregon ya binne bokiti a daji ya sa kodinet a intanet don a gwada. Asalin wasan ke nan. Wato mu muka sha wahalar, su suka mai da ita nishaɗi.

In ka sauka Basalona kada ka ɗauka ta lalace in ta yi shiru. An ɗauke ta daga Kano an kai ta dubban kilomita a kashe, sai ta sake laluben taurarin. Ka ajiye ta a fili minti goma ko fiye, ka sha shayi.

Ga kyauta kuma. Ka sa Ka'aba a matsayin wurin zuwa, N 21° 25.350 E 039° 49.572. A Kano alƙibla tana wajen digiri 68, gabas ta ɗan karkata arewa. A Basalona wajen 110 ce, a Malta 116, wato ta koma kudu maso gabas, jikinka zai ce maka ba haka ba ne. Kamfas na maganaɗisu ƙarfen jirgi na ruɗa shi. Taka kuwa ba ta da kamfas, da motsi take gane gaba, kuma a nan ne rashin ya zama riba: in jirgi na tafiya kana tsaye a sama, saman allonta shi ne goshin jirgi, kibiya kuma alƙibla. Akwai shafin rana da wata a ciki, yana ba da fitowar rana da faɗuwarta a daidai inda kake.

Ɗan Zongo, Tema ya rubuta:

Alhaji sannu. Ni shekara bakwai na yi aiki a irin jiragen nan, yawanci a ƙofar shiga. GPS ba ya cikin abin da muke karɓewa, a na'urar bincike zai wuce kamar kyamara. Abin da ake riƙewa wuƙa ne, dutsen guga, wayar ƙarin soket, jirgi marar matuƙi. Masu wasanku suna son yawo da 'yar wuƙar nan mai baki da yawa, ka bar ta a gida. Inda ake samun matsala da hukuma shi ne na'urar da ke aika saƙo ta tauraro, irin inReach, Indiya na kama mutane a kanta. Ƙasar Kuba ma ba a shiga da GPS sai da izini. Hanyarku babu ko ɗaya, kuma taka saurare kawai take yi.

Ni abin da zan ja kunnenka a kai agogo ne. Jirgi ba motar tasha ba ce da za a ce direba dakata ga wani dattijo can yana tahowa. Kowace safiya akwai takarda da ke faɗin lokacin da kowa zai kasance a ciki, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma an rubuta shi a allo a bakin tsani. Wanda ya bi yawon da jirgi ya shirya, in motarsu ta makara ana jira. Wanda ya fita da ƙafarsa, a kira sunansa a lasifika sau biyu, a janye tsani. Na ga masu gudu a kan dandamali suna ɗaga hannu, jirgi ya riga ya ja baya. Daga nan kuɗin otal da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba daga aljihunka. Kuma na lura masu neman abin nan sun fi kowa haɗari, don kullum akwai "saura guda ɗaya, mita 300 ce kawai". Ka sa wa kanka doka, awa ɗaya da rabi kafin lokaci ka juya, ko kana ganin robar da idonka. Ka ɗauki hoton takardar safiya, lambar wakilin jirgi na garin tana jiki.

Da ka sauka ka yi alama a na'ura, amma ba jikin jirgi ba. Ka yi ta a ƙofar fita daga tasha ko inda bas ta sauke ku, domin kibiya miƙe take nunawa, ba ta san shinge da ruwa ba. Valletta da Palermo da Genoa da ƙafa za ka shiga gari. Marseille manyan jirage nesa suke tsayawa, sai da bas. Civitavecchia kuwa ba Rum ba ce, tsakaninsu wajen kilomita 80, awa guda ko fiye a jirgin ƙasa, kuma jirgin ƙasa na iya makara. Ƙasashen huɗu agogonsu ɗaya, a watan Mayu suna gaban Najeriya da awa ɗaya, wannan ya rage maka ciwon kai.

Waya kuma da zarar an bar gaɓa ka kashe data. Jirgi na da nasa layin ta tauraro, waya za ta kama shi ba ta tambaye ka ba.

Tsohon Safiyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Awo Sau Biyu, na duba. Minna ce. Kada ka faɗa wa kowa. 'Yata ta Hamburg, Allah ya raya tagwaye, na tura wa 'yar'uwarki bayaninki ta ce za ta yi rajistar. Ɗan Kwari, za a kawo maka tsarabar roba.

Tsohon Safiyo ya sake rubutawa:

Mun dawo lafiya, na ga ya kamata in kawo rahoto.

Tara muka samu, a ƙasa uku. Basalona biyu a kan Montjuïc tun kafin mu hau jirgi. Genoa ta yi mini abin da aka ce za ta yi, na shiga lungu don taurin kai, na'ura ta yi ta zagaya da ni kamar akuyar da aka ɗaure a turke, sai da muka fito bakin ruwa muka samu biyu. A Civitavecchia mata suka bi motar jirgi zuwa Rum da yarinyar, ni ƙafa ta ce a'a, na zauna kusa da ganuwar Forte Michelangelo ina kallon masunta. Ban nemi komai ba, na tuna maganar tsoho shi kaɗai.

Palermo, inda muka samu sauran biyun, ita ce ta ba ni abin da ban je nema ba. Muna bin kibiya ta kai mu gaban babbar majami'ar garin, sai surukina ya nuna mini wani ginshiƙi a bakin shiga, an sassaƙa aya ta Suratul A'araf a jikinsa, ragowar zamanin da Musulmi suka mulki Sisili. Na daɗe a tsaye har amarya ta fara jan rigata. A Valletta kuma muka hau lif ɗin nan mai tsawon mita 58 daga bakin ruwa zuwa lambun Barrakka. Ina duƙe ina karanta alamar da na fassara aka buga igwar ƙarfe goma sha biyu, ban san ana yi ba, biro ya yi nasa wuri ni na yi nawa. Hajiya har yau in ta tuna sai ta yi dariya. Mai sayar da ruwa a can da yake faɗin kuɗi na ji kamar "hamsin", ashe haka suke ƙirga, harshensu jikan Larabci ne. Uku muka samu a garin.

Ranar da muka wuni a teku na hau can sama da asuba. Jirgi na yin wajen kilomita 33 a awa, ya nufi arewa maso yamma, kibiya ta nuna bayan jirgi kusan daidai. Wasu 'yan Indonesiya ma'aikata biyu suka zo suka duba allon, suka ce haka su ma suke fuskanta.

Faransa ce ta kuɓuce. Bas ta ci mana lokaci, muka isa tsohuwar tashar Marseille jama'a kamar kasuwar Kurmi ranar jajibiri. Na'ura ta ce mita 4, benci ne, kuma wasu masoya biyu na zaune a kai ba su da niyyar tashi. Minti 25 muka yi muna jira. Agogon da na sa ya buga, na ce a tafi. Yarinya ta yi kuka har cikin bas, ta ce ta sake ni. Sai da aka haɗa da askirim aka mai da aure, amma ta rubuta a littafinta ina da bashin Faransa.

Yanzu ga sabuwar matsala. A wata taskar Valletta mun ɗauko ɗan ƙarfe mai lamba, irin wanda ake so a riƙa kai shi daga taska zuwa taska. Mai shi ɗan Holan ne, ya rubuta yana son abin ya ga Afirka, ni kuma na ce to ga ɗan Afirka ya zo. Yana nan kan teburina a Kano. Na duba taswira, 'yan ƙalilan ne a duk Najeriya, kuma ban ga ta kusa da zan amince in bar amanar mutum a ciki ba. Ina tunanin ɓoye tawa ta kaina wajen Dutsen Dala, sai dai ban san robar da za ta kwana uku 'yan jari-bola ba su gan ta ba. Wanda ya san taska mai rai a Abuja, wadda aka sa wa hannu a bana, ya taimaka mini, ina da zuwa can bayan Sallah.